Ƙasar Reno: Abin Da Za Ki Tanada Kafin Ki Ci Bashin Iri

Wannan darasi na waɗanda ke da niyyar cin bashi daga akwati ne domin renon dashe ko shuka kayan miya a buhu. Ina roƙon marubuciyar kowace ƙungiya ta karanta shi da ƙarfi a zaman da ya gabaci ranar ba da rance, don wadda ba ta karatun boko ita ma ta ji da kunnenta.

Duk wadda ke zaune a wani gari na ƙasar Birnin Gwari, ta san abin da ya dawo da noma tsakar gida. Shekara da shekaru gonakin nesa ba su shiguwa, balle waɗanda ke bakin daji. An samu sauƙi, alhamdu lillahi, har a watan Nuwamba 2024 aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari, amma har yanzu mata da yawa sun fi natsuwa da sana'ar da ba ta raba su da ƙofar gida. Shi ya sa za ki ga buhuna jere a bayan ɗaki, da ledojin fiya wata cike da ƙasa, da 'yar rumfar raga ko ta leda a gefen danga. Manyan manoma suna da tasu babba, wadda 'yan boko ke kira girinhawus. Tasu da tamu duk doka ɗaya ke tafiyar da su: shukar da aka tsare a leda ko buhu ba ta da komai sai abin da aka zuba mata a ciki.

Kuskuren da na jawo

Zan fara da laifina, don kada wata ta maimaita shi. A ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da nake bi, mata biyar suka haɗa rancensu suka sayi irin tumatir na kamfani, mai tsadar nan da ake sayarwa a 'yar fakiti. Niyyarsu su rena shi su sayar wa masu lambu. Suka tambaye ni wace ƙasa za su zuba. Na ce su kwaso baƙar ƙasar bola, su haɗa da kashin kaji da aka kwashe a makon, na kuma ce a barbaɗa takin zamani tafi guda a kowane daro, wai don ya yi ƙarfi. Suka cika ledoji kusan 300, suka jera a ƙarƙashin rumfar leda, suna ba su ruwan rijiya safe da yamma.

Rabin irin bai ma fito ba. Wanda ya fito ya yi kamar an tauye shi, bakin ganyen ya ƙone, wasu suka tsinke a wuya suka kwanta. Da mako na uku ya cika, waɗanda za a iya kai wa mai saye ba su kai 40 ba. Ranar da muka taru muna jajantawa, wata dattijuwa cikin masu riƙe makulli ta tsuguna, ta kankari wani farin ɓawo a bakin leda da farcenta, ta ɗanɗana, ta tofar. Ta dube ni ta ce, "Malama, ai jarirai kika ba miyar da gishiri ya yi wa yawa." Takardar diflomata ba ta hana ni wannan kuskure ba, kuma ranar biya ba ta ɗaga ba. Biyu daga cikin matan da ribar ƙuli-ƙuli suka biya, ɗaya sai da ta sayar da 'yar akuyarta.

Tun daga ranar na shiga tambayar malaman gona da tsofaffin masu lambu. Abin da na koya shi ne zan shimfiɗa muku a nan.

Bambancin ƙasar gona da ƙasar leda

A gona, saiwa tana da inda za ta gudu. In nan ya yi mata zafi ko ya bushe, sai ta nutsa ƙasa ko ta miƙa gefe. Ga tana da gara da tururuwa suna huda ƙasar iska na shiga. Ga damina, wadda a yankinmu ruwanta kan wuce milimita 1,000 a shekara, tana wanke duk abin da ya taru a sama ta tura shi can ƙasa.

A cikin leda babu ko ɗaya daga waɗannan. Ƙasar 'yar kaɗan ce, kuma kullum ana kwara mata ruwa. In ƙasar gona ce zalla, musamman mai laka, cikin kwanaki za ta dunƙule kamar tubali, ruwa ya kwanta, saiwa ta rasa numfashi ta ruɓe. In kuma yashi ne zalla, kafin azahar ya bushe ƙamas. Don haka ƙasar reno haɗa ta ake yi, kuma ana son ta cika sharaɗi huɗu: ta riƙe danshi, ta bar iska ta shiga, ta kasance da abinci daidai misali, kuma ta kuɓuta daga cuta da gishiri.

Yadda gishiri ke kashe shuka

Wata za ta ce, to mu ina ruwanmu da gishiri, ƙasarmu ba ta kanwa ba ce? Gaskiya ne, gonakinmu ba su da wannan matsala kamar ƙasashen da ruwan sama ya yi wa ƙaranci. A duniya kuwa babbar damuwa ce: Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a rahotonta na 2024, kusan hekta biliyan 1.4 na ƙasa gishiri ya taɓa. Amma duk wadda ta rufe shukarta da leda, ko ta yi reno da rani, ta ƙirƙiro wa kanta 'yar hamada a tsakar gida. Ruwan sama ba ya shiga, iskar hunturu da zafin bazara na shanye danshi, gishirin kuwa ba ya tashi sama da tururi, nan yake zama. Ku tuna tukunyar miyar da aka bari a wuta: ruwan na ƙonewa gishirin na ƙara fitowa, alhali ba wadda ta ƙara ko tsunkule.

In an ce gishiri a nan, ba na miya kaɗai ake nufi ba. Takin zamani, da NPK da sauransu, yana narkewa ya yi wa saiwa irin aikin da gishiri ke yi. Ɗanyen kashin kaji, da takin garke mai fitsari, su ma haka. Toka ma haka, kun san ai da ruwan toka ake yin abin da kanwa ke yi. Ruwan wanki mai omo, da ruwan rijiya mai zartsi, duk suna cikin lissafi. A wancan reno namu huɗu muka tara a leda ɗaya: tokar bola, ɗanyen kashin kaji, takin zamani, da ruwan rijiyar da ta ja baya da rani. Ruwa ba ya tsami banza.

Yadda yake kisa kuwa, kowace mai girki ta taɓa gani. Ki yanka kokwamba ko albasa ki barbaɗa gishiri, jim kaɗan za ki ga ruwa ya tsattsafo. Gishiri janyo ruwa yake yi zuwa wajensa. In ya yi yawa a ƙasa, saiwa ba ta iya tsotsar ruwa, wani lokaci ma nata ake zuƙewa. Sai ki ga shuka ta yi yaushi alhali ƙasarta jiƙe take. Ke kuma ki ɗauka yunwa ce ki ƙara taki, ki ƙarasa ta.

Alamun su ne: farin ɓawo a saman ƙasa ko a jikin buhu, iri ya ƙi fita ko ya fito jefi-jefi, bakin tsofaffin ganye ya ƙone, shuka ta tsaya cak ba ta girma. Albasa da karas da latas sun fi kowa rashin juriya. Tattasai da attaruhu na biye da su. Tumatir da kokwamba sun ɗan fi haƙuri. Amma kowace shuka, lokacin da take jaririya ta fi rauni.

Albishir ɗin shi ne ruwa mai kyau yana fitar da gishiri. Masu dafa gishiri a kwarin Foga, ta wajen Gaya a Jamhuriyar Nijar, haka suke yi tun kaka da kakanni: su kankaro ƙasa mai gishiri, su zuba mata ruwa ya tsiyaye ta ƙasa, su dafa ruwan har ya ƙone ya bar gishiri. Su ruwan da ya tsiyaye suke so, mu kuma ƙasar da aka wanke muke so.

Kayan haɗi da inda za a samo su

Ƙasar sama. A kwashi wadda ba ta wuce zurfin taƙi ɗaya ba, daga ƙarƙashin bishiya irin su ɗorawa ko gawo, inda ganye ya daɗe yana ruɓewa. A samo ta a cikin gari ko kusa da shi. Kada wadda ta aiki yaro daji don baƙar ƙasa. Dajin Kamuku gandun gwamnati ne da doka ta tsare, kuma babu dashen da ya kai ran ɗa. Kada a ɗebo daga inda aka shuka tumatir, barkono, gauta ko dankalin Turawa cikin shekaru uku da suka wuce, don cutarsu ɗaya ce kuma tana kwana a ƙasa. Kada a ɗebo daga gonar masarar da aka yi wa feshin maganin ciyawa a wannan daminar, saurarsa na kashe kayan lambu.

Akwai gargaɗin da ya fi waɗannan nauyi. Yankinmu yankin haƙar zinari ne. Ƙasa ko yashin wurin da ake niƙa dutse ko wanke zinari kada ya shigo gidan kowa. A 2010 gubar dalma daga irin wannan aiki ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, a 2015 kuma ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabtanmu. Ƙasar bola ma a bar ta, saboda toka da tsofaffin batura da ake zubarwa a ciki.

Ruɓaɓɓen taki. Kashin shanu, awaki ko tumaki, a tara shi a inuwa, a yayyafa ruwa, a rufe da tsohon buhu ko ciyawa, a riƙa juya shi duk bayan mako biyu, har wata biyu zuwa uku. Wanda ya nuna baƙi ne, yana marmashewa, ba zafi in an tura hannu, warinsa irin na ƙasar da ruwan fari ya daka. In kina shakka, ki jiƙa tafi guda ki ƙulle a leda ya kwana biyu. In kin buɗe kika ji zarnin fitsari, da saura. Takin da aka kwaso daga kara ko turke shi ma sai ya bi wannan hanya. Kashin kaji ya fi kowane ƙarfi, ko ya ruɓe rabin ma'auni ake sa shi.

Yashi. Mai tsakuwa-tsakuwa na rafi, irin wanda magina ke so. A wanke shi sau biyu. Rairayi mai laushi kamar gari toshe ƙasa yake yi.

Ɓuntun shinkafa. Wannan shi ne arzikin da muke takawa muna wucewa a bakin injin casa. In an babbaka shi ya zama gawayi, ba shi da nauyi, yana buɗe ƙasa, yana riƙe danshi, kuma wuta ta riga ta kashe cuta da 'ya'yan ciyawar da ke cikinsa. Manoman shinkafa a Japan da Filifin sun daɗe suna amfani da shi a wajen reno.

Garin katako ɗanye a guje shi. Yayin da yake ruɓewa, cinye abincin shuka yake yi, sai ki ga ganye ya yi ɗorawa. Akwai kuma garin ɓawon kwakwa da ake sayarwa a dunƙule kamar bulo a shagunan kayan gona na Kaduna da Zariya da Kano. Yana da kyau ƙwarai, amma ba shi da abinci, kuma wani yakan zo da gishiri, sai an jiƙa an tsiyaye sau biyu ko uku. Wadda ta samu ɓuntu ba dole ba ne ta ci bashi don shi.

Yadda ake babbaka ɓuntu

1. Ki samu babban gwangwani ko tsohon bokitin ƙarfe, ki huda jikinsa ko'ina da ƙusa, ki yanke rami a gindinsa inda za a tsayar da bututun ƙarfe ko naɗaɗɗen kwano ya zama mafitar hayaƙi.
2. Ki hura 'yar wuta da ƙirare a fili, nesa da danga da ɗakin ciyawa. Ki kifa gwangwanin a kanta.
3. Ki tula busasshen ɓuntu kewaye da shi har ya rufe gwangwanin, bututun kaɗai ke waje.
4. Duk inda kika ga ya yi baƙi, ki jawo ɗanye daga ƙasa ki rufe. Aikin yakan ɗauki sa'o'i, gwargwadon yawan ɓuntun.
5. Da zarar kusan duka ya yi baƙi, ki ture gwangwanin da sanda, ki baza, ki kwara ruwa sosai. In kika bari ya zama farar toka, aiki ya ɓaci.
6. Kashegari ki zuba shi a buhu ki sake kwara masa ruwa ya tsiyaye, don tokar da ta manne ta fita.

A yi shi da sassafe kafin iska ta taso, yara kuma su yi nesa, don tulin yakan yi kamar ya mutu alhali cikinsa garwashi ne.

Ma'auni

A auna da mazubi ɗaya, ko kwanon sarki ko bokitin fenti. A tankaɗe ƙasa da taki da rariyar magina kafin a haɗa.

Na ledojin reno ko tire mai ramuka: ƙasar sama 1, ruɓaɓɓen taki 1, babbakakken ɓuntu 1. In babu ɓuntu: ƙasa 2, taki 1, yashi 1.

Na buhun da shuka za ta zauna har ta yi 'ya'ya: ƙasa 3, taki 2, yashi ko ɓuntu 1. Zurfin ƙasar kada ya gaza kamu ɗaya saura kaɗan, wato wajen santimita 30 zuwa 40. Tumatir ɗaya a buhu, in buhun babba ne biyu. Buhun taki ko na siminti a wanke shi tas, buhun gishiri kuwa kada a yi amfani da shi.

Ba a sa takin zamani ko toka a cikin haɗin reno, ko kaɗan. Ƙwayar iri tana ɗauke da guzurinta na kwanakin farko.

Kashe cutar ƙasa

Tsinkewar wuyan nan da ta kwantar da dashenmu, wata irin fumfuna ce da ke zaune a ƙasa take kawo ta, kuma ta fi samun dama in ruwa ya kwanta. Akwai kuma wasu tsutsotsi da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle. Zafi yana kashe su. Hanya biyu ce.

Ta farko, turare, kamar yadda ake turara shinkafa. A jiƙa haɗin, a zuba a rabin durom, a rufe da buhu, a hura wuta. In tururi ya ratsa ko'ina, a ba shi minti 30, ana juyawa don gindin kada ya ƙone. A sauke, a baza a kan leda mai tsabta, a bar shi ya sha iska kwana biyar zuwa mako kafin a shuka.

Ta biyu ba ta cin itace. A watan Maris ko Afrilu, a baza jiƙaƙƙen haɗin kaurin taƙi ɗaya a inda rana ke duka, a rufe da farar leda wadda ake ganin ciki, a danne gefunan da ƙasa, a bar shi mako huɗu zuwa shida.

Gwaji uku kafin a buɗe fakitin iri

Gwajin damƙa. Ki jiƙa haɗin ki damƙa tafi guda. In ya dunƙule, kika taɓa da yatsa ya tarwatse, ya yi. In ya manne kamar tuwo, ƙara ɓuntu ko yashi. In ya ƙi haɗuwa sam, ƙara ƙasa da taki.

Gwajin ruwa. Ki zuba rabin kofi na ruwan da za ki riƙa ban ruwa da shi a baƙin faranti ko murfin tukunya, ki ajiye a rana ya bushe. Ki yi haka da ruwan sama ko ruwan leda a gefe, ki kwatanta. In naki ya bar farin zane mai kauri, ki nemi wani ruwan don reno. Ruwan da harshe ya ji zartsinsa kuwa ya riga ya wuce misali. Masu gidan ruwan leda suna da ɗan ma'auni mai kamar biro da ake kira TDS. In kin samu an auna miki: ƙasa da 450 ba damuwa, daga 450 zuwa 2,000 sai da lura da yawan wankewa, sama da 2,000 bai dace da kayan lambu ba.

Gwajin iri mai araha. Wannan ya fi duka. Ki cika leda biyu da haɗinki, leda biyu da wankakken yashi zalla. Ki shuka ƙwaya goma-goma na irin latas ko tumatir na gida. Bayan mako ɗaya ki duba. In na yashi ya fito na haɗinki bai fito ba, ko ya fito a ƙone, to haɗin na da zafi. Ki zuba shi a buhu mai huji, ki kwara ruwa mai kyau ya tsiyaye sau biyu, ki sake gwadawa. Mako ɗaya kika rasa, ba fakiti ba.

Ban ruwa da wanke gishiri

Kowace leda a huda ta wuri huɗu ko biyar a gindi, kowane buhu wuri goma ko fiye. A ɗora su a kan katako, duwatsu ko gadon kara, don ruwan da ya fita kada ya koma. A ba da ruwa da safe, a hankali, har sai an ga ya fara ɗiga ta ƙasa. Yayyafin sama-sama sau da yawa shi ke tara gishiri. Sau ɗaya a mako a yi wa buhuna wanka: a ba su ruwa mafi kyau da ake da shi, da yawa, har ya zuba sosai ta gindi. Wadda ke da durom ta tari ruwan kwano a watan Satumba da farkon Oktoba ta rufe, ta ajiye shi don renon farko. Ruwan wanki da na wanke-wanke mai omo ba na shuka ba ne.

In dashe ya yi kwana 12 zuwa 14, ganyen gaskiya ya fito, kuma aka ga ya koɗe, a narka NPK cikin gidan ashana ɗaya, wajen giram 20, a ruwa lita 10. A ba shi sau ɗaya a mako, a bi da ɗan ruwa mai kyau a ɗauraye ganyen. In ganyen kore ne shar, a ƙyale shi. Saura kwana biyar a cire, a rage ruwa, a ƙara masa rana, don ya saba.

Raga kuma aikinta tsare dashe daga farin ƙuda mai kawo nannaɗewar ganye, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta sa gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a 2016. Amma raga ba ta gyara mummunar ƙasa. Kuma gidan sauron da aka ba mu don yara su kwana a ciki ba na lambu ba ne.

Dabarar mutanen Almeriya

A kudancin ƙasar Sifaniya akwai wani yanki da ake kira Almeriya. Ruwan samansu wajen milimita 200 ne a shekara, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na namu ba, kuma ruwan rijiyoyinsu da yawa mai zartsi ne. Duk da haka, tun daga shekarun 1960 suka shiga noman rumfar leda, yau suna da fiye da hekta 30,000 a rufe, suna ciyar da Turai da tumatir da tattasai da kokwamba. Tsohuwar dabararsu mai sauƙi ce: su shimfiɗa taki a kan ƙasa, su rufe da yashi kaurin wajen santimita 10. Yashin yana hana rana shanye danshi, don haka gishiri ba ya hawowa ya taru inda saiwa take.

Mu ma za mu iya. Bayan an dasa a buhu, a rufe samansa da wankakken yashi kaurin yatsa biyu ko uku, ko busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya, a bar ɗan fili a wuyan shukar. Za ki ga ruwan da kike ja ya ragu.

Lissafin akwati

Irin wannan asusu namu a Maraɗi aka fara shi, a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, ƙarƙashin ƙungiyar CARE. Ƙarfinsa tun farko shi ne kuɗin na mata ne, ba na wani baƙo ba. In rance ya maƙale, kuɗin maƙwabciyarki ne ya maƙale, kuma ranar rabo kowa zai ji a jikinsa.

To mu yi lissafin kwanaki. Tumatir yana mako uku zuwa huɗu a reno, tattasai da attaruhu mako biyar zuwa shida. Bayan dashe, tumatir yana ɗaukar wajen mako tara zuwa goma sha ɗaya kafin a fara tsinka. In an haɗa, ya kai mako goma sha biyu zuwa goma sha biyar. A yawancin ƙungiyoyinmu kuwa wa'adin rance wata uku ne. Kun ga ke nan, ko komai ya tafi daidai, ranar biya na iya riga tsinkar fari. In reno ya lalace aka sake, an ƙara wata guda da kuɗin wani irin.

Don haka ga shawarata ga kowace ƙungiya, a tattauna, in an yarda a rubuta a dokokinta:

1. Mai neman rancen iri ta fara haɗa ƙasarta, ta yi gwajin iri mai araha, ta kawo ledojin zama a gani. Gani ya kori ji.
2. A karɓi rancen a makon da za a shuka, ba a lokacin da ake ruɓar da taki ba. Tanadin ƙasa ƙarfi yake ci da haƙuri, kuɗinsa kaɗan ne.
3. Wadda za ta sayar da dashe ta samu masu saye tun kafin ta shuka. Kuɗin dashe yana dawowa cikin wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi.
4. Wadda za ta jira 'ya'ya ta haɗa da buhunan alayyahu, wanda ake yanka cikin mako uku zuwa huɗu, don zubin mako kada ya tsaya.
5. Karon farko kada a shuka fakitin duka rana ɗaya. A raba biyu, tsakaninsu kwana goma.
6. Durom na turare, rariya da gwangwanin babbaka, ƙungiya ta mallaki guda ɗaya a riƙa karɓa-karɓa.

Ga mai son renon rani, tara taki a watan Agusta, tarar ruwa a Satumba, ɓuntu da zarar sabuwar shinkafa ta shiga inji. Ga mai son tumatirin damina, lokacin da yake tsada, a shanya ƙasa a Maris, a yi reno a Afrilu.

Matan nan biyar, uku daga cikinsu sun sake gwadawa a shekarar da ta biyo. Ba su sayi komai sabo ba sai irin. Dattijuwar nan ita ta riƙa zagayawa tana duba bakin ledoji da farcenta, kuma ba ta sami abin ɗanɗanawa ba. Sun biya kafin wa'adi. Sauran biyun har yau ba su yarda sun sake taɓa reno ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Tambayoyin da za a tattauna a zama

Wace rijiya ko famfo a unguwarmu aka sani da zartsi, wace ce mai daɗi? Wa ke da taki da ya riga ya kwana biyu a tule? Wane injin casa ne ya fi kusa, kuma wa za ta yi magana da mai shi? Su wa za su yi gwajin iri a wannan mako su kawo mana ledojinsu zama mai zuwa? Marubuciya ta rubuta sunayensu kafin a rufe akwati.

Allah ya sa albarka a abin da muka tara, ya ba mu damina da rani masu amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.